Hukuncin Shiga Tseren Rabin Fanfalaki a Hutun Ista

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina zaune a wani gari da ke gefen Landan. Ana shirya gudun rabin fanfalaki, kilomita 21 da ɗan ɗori, ranar Juma'ar hutun Ista, wato bikin Kiristoci. Ana biyan kuɗin rajista, duk wanda ya kammala a ba shi lambar yabo, na ɗaya zuwa na uku kuma a ba su kuɗi. Ya halatta in shiga?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, gudu da ƙafa halal ne a asalinsa. Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito, kuma Muslim ya kawo tseren Salama bin Akwa' da wani Ba'ansare a gabansa. Kana iya shiga, amma da sharuɗɗa.

Ranar kanta ba ta haramta gudun. Abin da aka hana Musulmi shi ne tarayya a ibadar wani addini da alamominta. Yawanci ana sa tsere a wannan rana ne domin hutun gwamnati ce, mutane ba sa aiki. Idan ka ga an ɗaura shi da addu'ar coci ko an mai da shi ɓangaren bikin, ka bar shi.

Inda magana take shi ne kuɗin. Hadisi ya ce babu ladan tsere sai a harbi, ko raƙumi, ko doki. A kan haka Malikiyya suka halatta tseren ƙafa idan babu lada, Hanafiyya kuwa suka yarda da lada idan daga ɓangare ɗaya ko wani na waje ya fito. Sai ka rarrabe abu uku. Kuɗin rajista da ke tafiya wajen rufe hanya, ruwan sha, ma'aikatan agaji da na'urar auna lokaci, ladan hidima ne, babu laifi. Lambar da ake ba kowa tana cikin abin da ka saya. Amma kyautar kuɗin, idan daga rajistar masu gudu aka tara ta, kowa ya zuba wasu kaɗan su kwashe, siffar caca ce, kada ka karɓa. Idan kamfani mai ɗaukar nauyi ne ya bayar, akwai saɓanin da na ambata, kuma ina ganin ƙaurace mata ya fi. Ka rubuto wa masu shiryawa ka tambayi tushenta kafin ka biya.

Sai Juma'a, wadda tsere ba uzuri ba ne na barinta. Ka yi lissafi. Sabon mai gudu yakan ɗauki awa biyu zuwa biyu da rabi, to idan an tashi ƙarfe 9, za ka gama wajen 11:30. Ingila tana tura agogo gaba a Lahadin ƙarshe na Maris. Kafin nan rana tana gocewa a Landan jim kaɗan bayan 12, bayan nan kuwa wajen ƙarfe 1. Abin da ke cin mutane shi ne mota: a ajiye ta cikin titin da aka rufe, ba ta fita sai na ƙarshe ya wuce. Ka ajiye ta a waje da shingen da aka rufe titin da shi, da kayan canji a ciki. Wankan da za ka yi bayan gudu ka ƙulla masa niyyar Juma'a, tunda Malikiyya suna so ya haɗu da tafiya masallaci. Idan lissafin bai fita ba, ka nemi tseren Lahadi.

Al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa, gajeren wandon 'yan gudu kuwa yana tsayawa a tsakiyar cinya. Ka sa dogon wando mai sauƙi, ko matsattse daga ciki da sakakke mai kai gwiwa a kai. Gumi ba ya warware alwala, haka jinin bororon ƙafa a mazhabar Malik. Ka duba abin da ke cikin alawar ƙarin kuzari saboda jelatin, sinadarin da ake samowa daga fata da ƙashin dabbobi har da alade, ka kuma kauce wa giyar da wasu ke rabawa a ƙarshe.

Jikinka amana ne, Allah ya ce kada ku jefa kanku cikin halaka (Baƙara, 195). Ka ba kanka kamar mako 12 na atisaye, kana ƙara nisa a hankali har ka kai kilomita 16 zuwa 18, sannan ka sassauta a makon ƙarshe. Kada ka sa sabon takalmi ranar, kuma ka sha ruwa kurɓi-kurɓi, domin cika ciki da shi yana rage gishirin jini har mutum ya faɗi. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ya fara ganin likita. Idan kuma Ista ta faɗo cikin Ramadan kamar a 2024, ba a karya azumin farilla saboda tsere, sai ka jira wani.

Wallahu a'alam.