Filin Manoma: Ƙasata ta gaji, in bar takin zamani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gonata tana wajen Shika, masara nake yi shekara da shekaru. Yanzu buhun taki ya fi ƙarfina, ga wuta-wuta ta cinye gonar. Ɗana da ke jami'a ya ce in daina takin zamani, in koma noman da ake haɗa itatuwa da dabbobi da shuka wuri guda, in kuma sayi famfon sola don noman rani. Mene ne shawararka?
Wani manomi, Shika

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa yaron albarka, hanya ya nuna maka. Amma kada ka yanke takin rana ɗaya, masara mai ci ce, za ka tashi da rumbu wayam.

Wuta-wutar nan ita ke faɗa maka ƙasa ta rame. Bana ka raba gonar biyu. Rabi masara da ɗan takin da ka iya saya, a binne shi kusa da gindi. Rabi kuma waken suya ko wake, baɗi ka juya. Saiwarsu na tara wa ƙasa abin da kake saya a buhun yuriya, waken suya kuma yana sa ƙwayar wuta-wuta ta tsiro ta rasa abin kamawa ta mutu. Samaru na nan kusa da kai, ka tambayi irin masarar SAMMAZ mai jure wa wuta-wuta a Cibiyar Binciken Aikin Gona.

Abin da ya fi damuna shi ne sassabe. Duk watan Afrilu ina ganin hayaƙi a gonaki, ana ƙona kara, ana sare duk tohon da ya fito. Don Allah ka bar gawo. Ka tsaya gindinsa a watan Agusta ka gani: ya kakkaɓe ganye, bai tare wa shuka rana ba, dawar da ke ƙarƙashinsa ta fi ta gefe duhun ganye. Da rani ya rufe da ganye, shanu su kwanta a inuwarsa su bar maka kashi. A Maraɗi, tun 1983 wani masanin noma mai suna Tony Rinaudo da manoma suka fara renon tohon kututture, a zaɓi reshe mai ƙarfi a datse sauran. Da haka fili kimanin hekta miliyan 5 ya farfaɗo a Nijar, inda ruwansu bai kai namu na Zazzau ba.

Na san ana bukatar kara don danga da dabbobi. Ka kwashe rabi, ka shimfiɗa rabi a kwarin kunya, gara ta ja shi ƙasa.

Sola kuwa, tun da aka cire tallafin fetur a 2023 ta zama abin dubawa ga mai fadamar da ruwa ke kusa. Sai dai lokacin hazo ƙarfinta na raguwa, sai kana goge ƙura kullum da safe. Ban so ka ci bashi a kanta bana. Ku haɗa kai da maƙwabtan fadamarka ku sayi ɗaya, ku riƙa ban-ruwa da karɓa-karɓa.