Ciko ake kallo, ba kuɗin da aka yi wa tsohuwar mota ba

Ɗana, tun da muka baro wurin masu motocin nan na Abuja jiya na ga ranka bai so ba, sai da muka kusa gida ka iya buɗe baki. Cewa ka yi mutumin ya yi wa Range Rover ɗin Alhaji kuɗi naira miliyan 100 a musayar da muka je yi, alhali mu kanmu mun san ba za ta wuce 80 ba, to don me na ce albarka muka tashi? Ban amsa maka a mota ba saboda Alhaji yana zaune. Yanzu saurara.

Ɗauko biro. Marsandi G-Wagon ɗin da Alhaji yake so a wurin mutumin an sa mata miliyan 400. Tun makon jiya na tura wani ya taya ta a matsayin mai kuɗi a hannu, bai ambaci musaya ba, aka sauko masa har 360. In an karɓi tamu a 80 aka ba mu waccan a 360, cikon da Alhaji zai yi 280 ne. Shi kuwa mutumin jiya cewa ya yi ya karɓi tamu a 100, amma tasa ba ragin ko kwabo. Cire 100 daga 400. Saura 300 ke nan. Ya daɗa mana 20 a inda muke kallo, ya riƙe 40 a inda ba ma kallo. Da mun sallama, da Alhaji ya koma gida yana ba abokansa labarin an sayi motarsa da daraja, alhali miliyan 20 ya yi asara, mu kuma mun karɓi la'ada a kan cutar wanda ya amince da mu.

Sun san abin da suke yi. Mai babbar mota yana son a yabi motarsa fiye da yadda yake son ragi, don haka ta nan suke shiga. A musaya ciniki biyu ne aka ɗaure da igiya ɗaya, aikinka shi ne ka kwance su. Ka fara gama cinikin wadda za a saya, a tsayar da kuɗi, in da hali a rubuta. Sai bayan nan ka ce, af, akwai wata a gida, nawa za ku karɓe ta? In tun farko aka tambaye ka ko da musaya, kada ka yi ƙarya, ka ce a fara sanin kuɗin wannan tukuna. Kuma kada ka shiga da tsohuwar motar harabarsu ranar farko, kamar yadda Alhaji ya matsa muka yi jiya.

Yanzu ka shiga zuciyar mai karɓar motarka. Ba kuɗin da ake sayar da irinta yake lissafawa ba. Daga wannan kuɗin yake farawa, sai ya cire gyara, ya cire fenti da tayoyi, ya cire watannin da za ta yi a ajiye, sannan ya cire ribarsa. Watannin nan su ne bambancin babbar mota da ƙarama. Corolla in ka sa mata kuɗi daidai ba ta daɗewa a fili, masu nemanta ba sa ƙirguwa. Bentley fa? Masu iya sayenta a gari guda za ka iya lissafa su, kuma rabinsu sun fi son su yi oda da kansu. Ga kuma naira. Ka tuna kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, ba a yi shekara ba ta haura 1,500. Duk wanda ya sayar da mota a tsakanin nan bai maye gurbinta nan take ba, ya ji a jikinsa. Saboda haka in dila ya yi maka tayi ƙasa-ƙasa, ba lallai rainin hankali ba ne, tsoron ajiya ne.

Wannan tsoron kuma shi ne makaminka in kai ne mai saye. Motar da ta shekara a fili ta fi damun mai ita fiye da yadda take burge ka. Ta yaya za ka san ta daɗe? Ba daga bakin manaja ba. Ka gaisa da yaron da ke wanke motocin, ka ba shi na ruwa, ka yi hira da shi. Ka lura ko sai an jona batir kafin ta tashi. Ka tsuguna ka karanta lambobi huɗun ƙarshe da ke jikin taya: 2321 yana nufin mako na 23 na shekarar 2021. Taya tana iya zama da zanenta radau amma ta tsufa, kuma tayoyin irin waɗannan motoci ba na vulkanizan bakin titi ba ne.

Abin da na ga kana yi wanda ba na so shi ne kushe mota a gaban mai ita. Kushe ba ya rage kuɗi, taurin kai yake jawowa. Ka yabe ta, sannan ka sa wa kowane aibi farashi. Tayoyi huɗu, kaza. Balan-balan ɗin iska da ke ɗaga Range Rover, in ka ga ta kwana ta zauna ta gefe guda, kaza. Faifan birki na seramik da ake sa wa su Lamborghini da Porsche, ido ba ya gane cinyewarsa sosai, awo ake yi, kuma kuɗin canza shi ya isa sayen wata ƙaramar motar. Ka ɗora na'urar auna kaurin fenti a ƙofa da bonet, inda lamba ta yi tsalle an taɓa wurin. In ka tara duka a takarda ka miƙa masa, ba za a ce ka raina kaya ba, lissafi ka kawo.

Takardu kuwa rabin kuɗin motar ne, ko a saye ko a musaya. Lambar chasis haruffa da lambobi 17 ce, da ita za ka binciko tarihin duk motar da ta fito daga Amurka a Carfax, shafin intanet mai ajiye tarihin motoci, ka ga ko ta taɓa bi ta gwanjon Copart bayan hatsari. Da ita kuma kwastan suke kimanta kuɗin fito tun 2022, don haka ka tabbata takardar fiton ta wannan motar ce, ba ta wata mai kama da ita ba. Babbar motar da fitonta bai cika ba, ranar da aka tare ta a hanya kai za a kira, ba wanda ya sayar ba. In Allah ya kai ka Dubai, kasuwar Ras Al Khor, za ka ji ana cewa wannan ta yankin Gulf ce, waccan ta Amurka ce, kuma ta Gulf mai littafin sabis daga kamfani ta fi tsada ko da shekararsu ɗaya. Duk wadda ta kasance a can lokacin ambaliyar Afrilun 2024, ka ɗaga kafet ka sansana, ka duba wayoyin ƙarƙashin kujera. Ruwa ba ya nuna kansa ranar ciniki, sai bayan watanni.

Akwai kuma inda ciniki ba ya ci, gara ka sani kada ka ji kunya. Sabuwar mota a wurin wakilin kamfani, irin Ferrari Purosangue da kamfanin ya ce ba za ta wuce kashi 20 cikin 100 na abin da yake ƙerawa a shekara ba, layi ake bi. In ka nemi ragi, na bayanka zai karɓa. A irin wannan wuri abin da ake nema shi ne ƙari: sabis, tsawaita garanti, kuɗin kai ta tashar jirgin ruwa. Amma wadda aka hau, ko ta wane kamfani ce, tana da ciniki.

Dangane da motar Alhaji, ga aikinka na gobe. A wanke ta, a haɗa makullanta biyu da takardar kwastan da rasit ɗin sabis. Ka kai ta wuri uku, ka ce sayarwa za a yi kai tsaye, kada ka ambaci G-Wagon ko da wasa. Ka rubuto mini tayin kowa. In mun samu mai biyan 80 a hannu, mu sayar masa mu koma wa mutumin jiya da kuɗinmu a 360. In kuma ya kira kafin nan, don na san zai kira, kada ka ce masa komai a kan 100 ɗin da ya faɗa. Ka gaishe shi da kyau, ka ce Maigida ya ce a tambaye shi ciko nawa ne.