Abin da ya sa muke laluben jijiya da yatsa

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce me ya sa tsofaffin likitoci ba sa barin dattijo mai ciwon kai ya tashi sai sun lalubi gefen goshinsa, sun ji bugun jini a wuyan hannu biyu, alhali ga sikanin ga gwajin jini. Har kika ce ko al'adar 'yan da ce kawai. Na yi murmushi, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. In ke mai natsuwa kina wannan tambaya, ina ga sauran?

Ina sabon likita wata tsohuwa ta zo wurina, ta haura shekara 70. Kai na sara mata gefe guda. Ta ce ko taje gashi ba ta iyawa don zafin fata, in tana tauna kuma muƙamuƙinta kan gaji sai ta huta. Ranar layi ya yi tsawo. Na rubuta mata maganin ciwon kai na sallame ta. Bayan kwana 4 ɗanta ya riƙo hannunta suka dawo. Idon dama ya tafi, ta ce da asuba ta farka kamar an ja mata labule. Babban likitanmu bai ɗaga mini murya ba. Yatsana ya kama ya ɗora tsakanin idonta da kunne. Jijiyar jinin wurin ta taso, ta yi tauri kamar igiya, babu bugu ko kaɗan, tsohuwar kuwa ta janye kai don zafi. Nan take ya sa aka fara mata sitiroyid, maganin kashe kumburi, mai yawa, bai jira an yanko guntun jijiyar an duba ba. Idon hagu ya tsira. Na dama bai dawo ba, kuma har yau ina ganin yadda take laluben bakin gado.

Da yamma ya ce mini, "Da ɗan gari akan ci gari. Ba baƙo ne ya shigo mata ba, masu gadin gidan ne suka juya."

Sai da na manyanta na gane zurfin maganar. Ƙwayoyin T na garkuwar jiki a taimus ake horar da su, wata 'yar gaɓa can bayan ƙashin ƙirji. Ana nuna musu furotin ɗin jikin mutum, duk wadda ta kai masa cafka da ƙarfi a kawar da ita. Amma tankaɗen ba ya tace duka. A cutar tsohuwar nan, wadda likita Horton ya bayyana a Amurka a 1932, ƙwayoyin T kan kutsa bangon jijiya ta waje, su kira ƙwayoyin da ke haɗiye datti su taru, wasu har su narke cikin juna su zama ƙato guda. Bangon ciki ya yi kauri, hanya ta tsuke, jijiyar gani ta rasa jini. Kusan ba a ganinta sai bayan shekara 50, kuma ta fi kama mata.

Hannu biyun kuwa saboda 'yar'uwar wannan cuta ne, wadda ke ɗauke da sunan Takayasu, likitan ido na Japan da ya kawo rahotonta a 1908. Ita 'yan mata take kamawa, ta tsuke manyan jijiyoyi har bugu ya ɓace a hannu ɗaya. Akwai kuma wata cuta mai cin ƙananan jijiyoyin jini na ƙoda da huhu, inda ƙwayoyin T ke mara wa ƙwayoyin B, masu ƙera makaman garkuwa, baya wajen kai hari kan furotin biyu na jikin mutum, PR3 da MPO. Shi ya sa maigidan namu kan ce kada mu raina fitsari, shi ke fara tona asirin ƙoda.

Ban ƙi kayan aikinku ba. A 2017 aka amince da maganin tocilizumab don cutar Horton a Amurka, ya rage wa mutane wahalar dogon sitiroyid, na kuma yi murna ƙwarai. Abin da ke damuna, na raka wani aboki asibiti kwanan baya, likitan yaro ne mai ladabi, amma idonsa na kan kwamfuta har muka fito. Wa zai tura tsohuwa sikanin in babu wanda ya taɓa ta ya yi zargi?

In kin zo ki tuna mini in nuna miki inda ake ɗora yatsan. Ba a dannawa da ƙarfi, in kin danna ke da kanki za ki kashe bugun. Ki gaishe da mahaifiyarki.