Warin kwata a cikin mota mai ɗaki, ga inda zaka fara dubawa

Yarona naga saƙonka tun ɗazu, ina ƙarƙashin wata mota ne hannuna duk giris shi yasa ban amsa da wuri ba. Kace motar nan mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki a ciki da aka kawo muku, mai ita yana kukan warin kwata, kun juye tanki kun wanke kun zuba maganin ƙamshi har sau biyu amma da ya hau titi sai warin ya dawo, kana tambaya ko a canza magani ko kuma tankin ne ya fashe. Toh ajiye maganin nan tukuna, ba a nan gizo ke saƙa ba.

Tankin ƙazanta dole yayi wari, ko na sabuwar mota ne, saboda ƙwayoyin bakteriya suna cin abin da ke ciki a wurin da babu iska suna fitar da gas. Abin da ba daidai ba shine warin ya shigo ɗaki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kai aikinka ka nemo tsagar.

Amma dan Allah kafin ka taɓa kowane bututu ka tabbatar warin na magudana ne. Abu uku ne ke kwaikwayonsa kuma biyu daga ciki suna iya kisa. Gas ɗin girki shi kansa ba shi da wari, da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi don in yana yoyo a ji, kuma mutane da yawa suna ɗaukarsa warin kwata, don haka ka rufe tukunyar gas ka buɗe tagogi, kar ka kunna komai, in warin ya fita sai ka sake buɗe tukunyar ka shafa ruwan sabulu a mahaɗai kaga ko zai yi kumfa. Na biyu batir, in caja tana cika shi fiye da kima yana zafi yana fitar da wari sak na ruɓaɓɓen ƙwai, ka duba ko ya kumbura ko yayi zafi, kar ka kai wuta kusa. Na uku hita, in sai an buɗe famfon ruwan zafi kawai ake jin warin to daga tankin hita ne, musamman masu sandar magneziyam a ciki, wadda ake sawa don hana tankin tsatsa, wannan sai a juye a wanke a duba sandar. Kuma ka sani gas ɗin nan mai warin ƙwai in yayi yawa hanci yana daina jinsa, kar kace ai na daina ji ya tafi, in kanka ya fara ciwo fita ka sha iska.

In ka wuce waɗannan sai ka koma kan tirap. Ƙarƙashin kowane sinki da shawa akwai lanƙwasar bututun nan mai kama da harafin U, ruwan da ke kwanciya a cikinta kamar inci 2 shi ne ƙofar da ta raba ɗaki da tanki, shikenan fa, ba wani abu. A gidan da ke zaune wuri ɗaya ruwan nan ba ya zuwa ko'ina tunda kullum ana amfani, amma wannan gida ne mai tayoyi, yana tsalle a rami yana kwana yana taka birki, ruwan sai yayi ta fantsama yana gangarawa tanki har ya ragu, in kuma an ajiye motar wata biyu uku cikin zafi sai ya bushe ƙurmus. Ka zuba ruwa kofi biyu a kowace magudana, ka haska tocila kaga ya tsaya. Na shawa shi ne yafi yin haka don wurin ba tsawo, tirap ɗinsa gajere ne. Sannan ka bubbuɗe kabad, wasu motocin an ja musu bututun injin wanki amma ba a taɓa saka injin ba, bututun yana nan a tsaye bayan kaya da tirap ɗinsa a bushe shekara da shekaru. Na taɓa ɓata yini guda a kan wata mota kafin na gano shi, tun daga ranar ba na tsallake kabad ko ɗaya.

Wasu kuma zaka leƙa baka ga U ba sam sai wani miƙaƙƙen farin bututu, irin su HepvO kenan, ba ruwa a ciki, wata roba ce mai laushi da ke buɗewa in ruwa ya zo ta manne in ya wuce. Gashi ko maiƙo in ya maƙale mata sai ta kasa rufewa. Kwance ta zaka yi ka wanke da ruwan ɗumi da sabulu, kar ka kuskura ka zura mata wayar fasa toshiya, yanzun nan zaka yaga ta.

Yanzu ga wanda nafi zargi. Ka sa kanka cikin kabad ɗin sinki ka bi bututu bayan tirap, zaka ga wani reshe ya tashi sama da wata hula baƙa ko fara a kansa, yawanci inci 1 da rabi. Bawul ne na shigar iska, in ruwa yana sauka sai ya buɗe ya bar iska ta shiga don kar ruwan ya zuƙe na tirap ya tafi da shi, in an gama sai ya rufe. Ɗan faifan roba ne kawai a ciki, da ya tsufa sai ya ƙandare ya daina zama daidai, kaga kenan tanki yana numfashi kai tsaye cikin kabad. Gwajinsa ba wuya, ka rufe shi da leda ka ɗaure tam da roba, ku buɗe tagogi warin ya fita sannan ku rufe ku zaga da motar. In wari bai dawo ba ka kama ɓarawo. Da hannu ake warware shi a ɗaura sabo. Amma kar ka bar ledar a matsayin gyara, in ka toshe shi tirap zai riƙa zuƙewa ka dawo gidan jiya.

Maganar da kayi cewa sai a kan titi warin ke tashi ita ce tafi komai amfani a saƙonka. Mota in tana gudu kuma an ɗan buɗe taga ko murfin rufi, iskar waje tana jan ta ciki, ɗakin sai ya zama kamar yana tsotsa, to zai tsotso daga duk inda ya samu hanya har da tanki. Haka fankar banɗaki take yi in tana aiki aka taka fulashin. Shi ya sa kowane tanki ke da bututun numfashi da ya fita ta rufi, in wancan a buɗe yake gas zai bi ta can. Ka hau sama a hankali, ka cire hular ka haska, zanzaro na son gina ɗakinsa a wurin, ga ganye ga yanar gizo. Ka zura tiyo ka saki ruwa kaɗan, wani ya tsaya ƙasa ya saurara ko yana faɗawa tanki. Akwai kuma wanda bututun ke zamewa ƙasa ya nutse cikin tankin, da ruwa ya kai bakinsa sai ya toshe, alamarsa shine ba wari in tanki ba komai amma da ya kai rabi sai masai ya fara yin gyatsa in an taka.

Shi masan kuwa duba shi minti biyar ne. Ka tara ruwa a kwanon ka bar shi, in ka dawo ya tsiyaye to robar bakin ta gaji ko datti ya maƙale mata. Ka sa safar hannu ka goge ta ka shafa giris na silikon, banda basilin don yana lalata roba, in bata riƙe ba a canza. In kuma yana girgiɗi ko akwai danshi a gindinsa to gasket ɗin ƙasa ne, wato zoben da ke like gindin masai da bututu.

Kuma kace kun wanke tanki, wanne? Don guda biyu ne, kowa hankalinsa na kan na bayan gida alhali na ruwan wanka da wanke-wanke sau da yawa yafi shi ɗoyi, maiƙo da sabulu da guntun abinci ne ke like a bangonsa suna ruɓa. Ka cika shi da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwano, a zaga da motar ya jijjigu sannan a juye. Banda tafasasshen ruwa, banda soda mai ƙarfi ta fasa toshiya, bututun roba ne da sil na roba duk zasu ci su, kuma wlh kar ka taɓa haɗa bilic da wani magani, hayaƙin da zai tashi a ɗan ƙaramin wurin nan sai ya kwantar da kai.

In mai motar ya zo ka tambaye shi yadda yake juye tanki. In yana barin bawul ɗin na bayan gida a buɗe duk lokacin da ya jona tiyo da magudana, ruwa ne ke gudu ya bar tudun ƙazanta ya bushe a ƙasan masai, ka gaya masa ya riƙa rufewa sai tankin ya kai kashi biyu cikin uku, ya fara sakin na bayan gida sannan na wanka ya biyo ya ɗauraye tiyon, kuma bayan ya juye ya zuba ruwa 'yan bokitai kar ya bar tankin a bushe.

Gobe ka fara da gas da batir, sai ruwa a tirap, sai ledar nan, abu ɗaya-ɗaya kana gwadawa don mu san wanne ne ya gyara. Ka ɗauko min hoton ƙarƙashin sinkin kicin da na bututun rufi in ka cire hular, zan shigo wajen azahar mu duba tare.