Tambaya da Amsa: A Ina Zan Sayi Kyamarar da Ba Za a Cuce Ni Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ɗaukar hoton biki da suna da waya, yanzu na ɗan tara kuɗi ina son kyamara ta sosai, ko da ta hannu ce. Wani a Facebook ya ce in tura rabin kuɗi ya aiko min daga Legas. In tura? In ba haka ba, ina zan nufa?
Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka tura ko sisi. Hoton kyamara kowa na iya kwafo shi a intanet. In da gaske yake, ka sa wani naka da ke Legas ya je shagonsa ya gani da ido, ya gwada, sannan a biya.

Game da wuri, fara da masu sana'ar kafin 'yan kasuwa. Shiga shagon hoto biyu ko uku a Samaru ko Sabon Gari ka tambayi inda suke saye da wanda ke musu gyara. Mai gyaran nan shi ne abokin tafiyarka, ka biya shi ladan rakiya. A PZ ta nan Zariya waya da kwamfuta sun fi yawa, don haka wataƙila sai ka dangana da titin Beirut a Kano, ko Computer Village a Ikeja. Ko ina ne, shago mai mazauni kake nema, wanda zai rubuta lambar siriyal a rasit, ya kuma yarda a rubuce cewa in matsala ta ɓulla cikin mako guda za ka dawo da ita. Ka tabbata lambar da ke ƙasan kyamara ta yi daidai da ta kwali. Wanda ya yi gardama a kan wannan, ka yi masa sallama, don kayan sata ma na yawo.

Sai gwaji, kuma a nan ake cin mutane. Tambayi adadin bugun shota, wato sau nawa kyamarar ta ɗauki hoto tun da aka ƙera ta. Ƙananan DSLR (kyamarorin da ake canja musu lensi) irin Canon 600D ko Nikon D3200 an ƙera shotarsu ta kai wajen bugu 100,000; wadda ta haura 80,000 ta sha aikin biki, dole farashi ya sauka. Nikon na ajiye adadin a cikin bayanan kowane hoto, yawancin Canon kuwa sai an jona da kwamfuta.

Sa kyamarar a f/16, wato ka tsuke ƙofar hasken lensi, ka ɗauki farin bango, ka faɗaɗa hoton. Ɗigo-ɗigo baƙi ƙura ce a kan sensa (faifan da ke kama hoto a cikin kyamara), abin da hunturunmu ya saba, kuma tana goguwa. Dogon layin da ya ƙi goguwa kuwa ƙarzuwa ce, canjin sensa na iya lashe kuɗin wata kyamarar. Cire lensi ka haska tocilar waya ta cikinsa: in ka ga zare-zare kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce daga laimar damina, tana cin fatar gilashi, hoto ya riƙa fita da hazo. Gwada yadda kyamarar ke saita hoto da kanta a kusa da nesa, ka kasa kunne. Ƙarar gurzawa na iya zama alamar lensin ya taɓa faɗuwa ƙasa.

Kada sunan Rebel T3i ko Kiss X5 ya firgita ka, 600D ɗin ce aka yi wa kasuwar Amurka da Japan. Sai dai garantin can ba lalle ya yi aiki a nan ba.

Batir da memori su aka fi cusa wa jabu. Memorin da aka rubuta 64GB alhali cikinsa 8GB ne zai karɓi hotunan amarya lafiya lau, sai ka zo buɗewa ka tarar sun lalace. Tafi da naka memorin don gwaji, wanda ka saya kuma ka duba shi da manhajar H2testw kafin ranar ɗaurin aure.