Tambaya da Amsa: Ina jinyar surukata, amma addu'a ta bushe min

TAMBAYA: Anti sannu da aiki. Ni matar aure ce a Sabon Gari nan Kano, shekara biyu kenan ina jinyar uwar mijina tunda shanyewar ɓarin jiki ya kama ta, ni ke mata wanka, ni ke juya ta, ni ke kwashe fo, ga yara uku ga ɗan shagona a kasuwa. Damuwata ita ce addu'a ta daina min daɗi, in na durƙusa sai in ji kamar da bango nake magana, ko a sujadar Lahadi bakina ne kawai ke waƙa. Anya bangaskiyata ba ta mutu ba kuwa?

AMSA: Sannu 'yar'uwata, Ubangiji ya ƙara ƙarfi. Bangaskiyarki tana nan, gajiya ce ta danne ki.

Kin san Mada Teresa ai, tsohuwar nan mai farin mayafi da shuɗin baki. A birnin Sikofiye da ke ƙasar Makedoniya ta Arewa aka haife ta a 1910, ta je Indiya tana koyarwa a makarantar 'yan mata, sai a 1948 ta bar gidan sistoci ta shiga unguwannin talakawan Kalkata. A 1952 ta buɗe gida a unguwar Kalighat da ke Kalkata don waɗanda ke mutuwa a bakin titi, ita da sistocinta su ɗauko mutum gyambonsa har da tsutsa, su wanke shi su ɗura masa abinci, don ko zai cika ya cika a kan shimfiɗa a hannun mutane. Duniya na kallonta da murmushi har aka ba ta lambar Nobel a 1979, kowa na cewa wannan kam ita da Allah sai hira.

Ashe ba haka ba ne. Bayan ta rasu a 1997 aka fito da wasiƙun da ta riƙa rubuta wa fadocin da ke ba ta shawara, sai ga shi kusan shekara 50 ta yi cikin irin wannan duhun naki, tana addu'a ba ta jin komai, har tana ganin kamar Allah ya juya mata baya. Amma kullum asuba tana gaban bagadi, gari na wayewa tana kan majinyatanta. Ni wannan ne ma ya fi burge ni da ita, ya fi min lambar yabon nesa ba kusa ba. Paparoma Faransis ya ayyana ta waliyyiya a 2016, kuma da sanin wasiƙun nan aka yi.

Abin da ta riƙe shi ne Matiyu 25:40, inda Yesu ya ce abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta cikin 'yan'uwansa shi aka yi wa. To kin ga duk safiyar da kika ɗora ruwan zafi kika goge wa Mama baya, kin san wa kike gogewa. Wasiƙar Yakubu ta ce bangaskiyar da ba aiki ita ce matacciya, taki kuwa har fo take kwashewa.

Sai dai fa ki ji, ita ma ba ita kaɗai ta yi aikin ba, da sistoci a bayanta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki zaunar da maigida, 'yan'uwansa su karɓi ko kwana biyu ne a sati, uwarsu ce ai. Ki faɗa wa shugabar zumuntar mata halin da kike ciki, ki samu Fada ko fastonku ki gaya masa yadda kika gaya min. Addu'a kuma kar ki tsawaita, Zabura 13 aya shida ce kacal, ki karanta ta da dare bayan kin juya Mama, sannan ki kwanta ki yi barci.