Tambaya da Amsa: Shin Sai An Shirya Hoton Talauci Kafin Edita Ya Karɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara biyar ke nan ina ɗaukar hotunan biki da suna a Zariya, kuma alhamdu lillahi ina samun rufin asiri. Sai dai zuciyata tana ga hoton jarida, musamman rayuwar almajirai da 'yan gudun hijira. Wani da ya riga ni shiga sana'ar ya ce muddin ban koyi "gyara wuri" ba, wato in sa yaro ya tuɓe takalmi ko ya riƙe kwano babu komai a ciki, babu editan da zai dubi aikina. Maganar ta hana ni sukuni. Shin haka sana'ar take? Kuma tana iya riƙe mai iyali?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, bari in sallami batun kuɗi tukuna, domin shi ne mai sauƙi. Kada ka saki aikin biki yanzu. Jaridun da ke ɗaukar mai hoto a kan albashi sun yi ƙaranci, kuma yawancin masu wannan aiki suna haɗa kuɗin shigarsu ne daga aikin ɗan lokaci na kamfanonin dillancin labarai, da kwangilar ƙungiyoyin agaji, da tallafin da ake nema a rubuce. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne ka karanta kowace yarjejeniya kafin ka sa hannu. Sam Nzima, wanda ya ɗauki hoton Hector Pieterson, yaron da aka harbe a boren ɗaliban Soweto ta Afirka ta Kudu ranar 16 ga Yuni, 1976, bai samu haƙƙin mallakar hoton nan da ya zagaya duniya ba sai a 1998.

Sai maganar mutumin naka, wadda na gaji da jin ta a bakin matasa, kuma kullum daga wajen irin mutanen nan take fitowa da ke shirya kwas na kwana uku a otal su raba takardar shaida. Abin da ya kira gyara wuri sunansa ƙarya, kuma shi ne laifin da ba a yafewa a wannan sana'a. Masu yin sa suna kare kansu da cewa ai yaron talaka ne da ma, gishiri kawai suka ƙara. To, mai kallon jarida ya amince ne cewa abin da ke gabansa ya faru ko da babu kyamara a wurin, kuma da zarar kai ne ka ce a tuɓe takalmin, abin da ya gani umarninka ne.

Dubi yadda manyan kafofi ke ɗaukar abin da bai kai wannan ba. A watan Janairun 2014 kamfanin dillancin labarai na AP ya yanke hulɗa da mai ɗaukar hoto Narciso Contreras, wanda yana cikin tawagar da ta ci babbar kyautar aikin jarida ta Pulitzer a 2013, saboda ya yi amfani da kwamfuta ya goge kyamarar bidiyo ta abokin aikinsa da ta fito a kusurwar wani hoto da ya ɗauka a Siriya. Bai ƙara gawa ba, bai ƙirƙiro hayaƙi ba, kyamara kawai ya cire. A 2015 kuma gasar World Press Photo ta ƙwace kyautar da ta ba Giovanni Troilo bayan an gano cewa ɗaya daga cikin hotunan da ya ce na garin Charleroi ne a ƙasar Beljiyam, a birnin Brussels aka ɗauke shi. In haka aka yi wa waɗannan, me kake jin za a yi wa wanda ya juye abincin almajiri domin kwano ya fito fayau?

Kuma ana ganewa. Wani matashi ya taɓa kawo mini hotunan wata tsangaya, cikinsu har da na wani yaro da ke tsugune a jikin katanga ba takalmi, hoto mai taɓa zuciya ƙwarai. Na nemi ainihin fayilolin kyamara, da hotunan da ya ɗauka kafin wannan da bayansa, kamar yadda duk editan da ya san aikinsa zai nema. A hoto na uku kafin wanda ya zaɓa, yaron yana sanye da silifas shuɗi. A wanda ya zaɓa ɗin ma, in ka faɗaɗa gefen hagu, ga bakin silifas ɗin nan yana leƙowa daga bayan buta. Ban ce masa uffan ba, na dai juya masa fuskar kwamfutar.

Ɓarnar ba a kan mai hoton kaɗai take tsayawa ba. Almajiran za su faɗa wa malaminsu, kuma wanda zai zo bayanka da kyakkyawar niyya korar kare za a yi masa. Yaron kuma zai girma, hotonsa yana nan a intanet a cikin halin da ba nasa ba.

Kai da ka fito daga aikin biki, haɗarinka ya fi na kowa, domin bakinka ya saba da "ɗaga kai kaɗan" da "matso kusa da amarya". Wannan ɗabi'a sai ka yi da gaske kafin ka bar ta. Ba a hana ka tsayar da mutum ya fuskanci kyamara da saninsa ba, amma dole bayanin da ke ƙarƙashin hoton ya nuna cewa tsayawa ya yi aka ɗauke shi.

Cewa edita ba ya son komai sai ƙunci, wannan ma shaci-faɗi ne. Fati Abubakar ta yi suna ne da jerin hotunanta mai suna Bits of Borno, inda ta riƙa nuna 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu kwalliyar sallah a Maiduguri a lokacin da duniya ba ta jin komai daga can sai tashin bam. Lewis Hine kuwa, da ya fara bin masana'antun Amurka a 1908 yana ɗaukar yaran da ake sa wa aikin ƙarfi, abin da ya sa aka kasa ƙaryata shi shi ne yana rubuta suna da shekaru da wuri, har tsawon yaro yakan auna da maɓallan rigarsa.

Game da sansanonin 'yan gudun hijira, ka shirya wa yawon ofis-ofis, domin na taɓa yin mako uku ina bin takardar izini guda, kullum a ce mai sa hannu ya tafi taro. Ka samo ta duk da haka, amma ka sani cewa hatimin jami'i bai zama yardar uwar da za ka ɗauki ɗanta ba. Ita ma sai ka tambaye ta da harshen da take ji, ka gaya mata inda hoton zai fita, in ta ƙi ka sauke kyamara.

Ka fara da tsangaya ɗaya a unguwarku. Ka je ka gaida malam ba tare da kyamara ba sau biyu ko uku, ka bayyana masa nufinka, sannan ka ɗauki wata shida kana zuwa da asuba da lokacin karatun dare, da ɗan littafin rubuta suna da rana a aljihunka. Idan ka tace hotuna goma sha biyu masu cikakken bayani, ka turo mini tare da ainihin fayilolinsu in duba.